Ranar da Ba'ana Mai Hoton Ƙirji Ya Tuɓe Riga

Da an sallame sallar asuba a masallacin layinsu da ke Wulari, sauran dattawa kan miƙe ƙafa a tabarma su buɗe hirar duniya, amma Malam Ba'ana ba ya zama. Zai gyara zaman hularsa zanna, ya kurɓi baƙin shayi a tsaye, ya naɗe ƙafar wando, ya haye tsohon kekensa. Tun da aka hana hawa babur a Maiduguri ya koma wa keken nan, kuma 'ya'yansa sun yi magiya har sun gaji a kan ya riƙa shiga Keke Napep kamar kowa. Amsarsa ɗaya ce kullum: wanda ke wuni yana leƙen huhun jama'a, ai ya kamata nasa huhun ya riƙa aiki. Kafin masu shara su gama da barandar asibiti ya riga ya buɗe ɗakinsa da ke can ƙarshen haraba, bayan bishiyoyin darbejiya. Ya goge na'ura, ya rataya rigar dalmar nan mai nauyi wadda ke kare shi daga hasken hoto, ya leƙo ƙofa ya gai da na farko a layi da Barbarci, "Wushe, wushe, bismillah, shigo."

Daga nan sai muryar da kowa ya sani ta fara tashi: "Ja numfashi! Riƙe!" Sai shiru na ɗan lokaci, sai ƙarar na'ura, sannan a hankali, "Saki." Yana faɗar kalmomin nan da Hausa, yana faɗarsu da Barbarci, yana faɗarsu da Larabcin Shuwa. In kuma aka kawo wanda ba ya jin ko ɗaya, sai ya tsaya gabansa ya kumbura ƙirji ya zare ido, har sai mutumin ya gane ko ya fashe da dariya. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana wannan, har sunansa ya ɓace a asibitin, ya koma Baba Riƙe.

A ƙarshen watan nan Baba Riƙe zai yi ritaya, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan, domin yabon gwani ya zama dole. Gidaje nawa ne a garin nan da ke da babbar ambulan mai ruwan ƙasa a ƙasan akwati, da baƙin fim ɗin ƙirjin wani a ciki? Tambayi masu gidan sunan likitan da ya duba hoton, za su faɗa maka har da unguwarsu. Tambaye su wanda ya ɗauka, sai su yi ta kallon sama. Sista Ketura, babbar nas ta ɗakin gaggawa, wadda suka tsufa tare a aikin, ta ce a shekarun tashin hankali, lokacin da ake shigo da masu rauni mota bayan mota, ba ta taɓa aikawa ɗakin hoto aka dawo aka ce mata a kulle yake ba. Wannan kaɗai ya isa a jinjina wa mutum. Amma ba shi ne abin da ya fi burge mu ba. Abin da ya fi burge mu shi ne ranar da Ba'ana ya ƙi ɗaukar hoto.

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane. Shekarun baya kaɗan aka turo wata matashiyar likita ɗakin gaggawa, Dakta Rumaisa'u, 'yar siririya mai saurin tafiya. Ba ta yi sati ba ta je ɗakin awon ciki ta aro ƙaramar na'urar sikanin, irin wadda ake duba jariri da ita a cikin uwarsa, ta turo ta kan tayoyinta zuwa gefen gadon wani dattijo da numfashi ke neman gagara. Ta shafa masa man nan mai sanyi a ƙirji, ta ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙarinsa, ta ƙura wa allo ido. Labari ya kai ƙarshen haraba kafin azahar. Ba'ana ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya tako da kansa ya same ta.

"Likita, 'yata," ya ce, "mu a makaranta an koya mana sikanin ba ya ganin huhu. Huhu iska ne, iska kuwa ita ce abokiyar gabar na'urar nan. Me kike nema a ciki? 'Yan biyu?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Gaskiyarka, Baba, ba ya ganin cikin huhu mai lafiya. Amma yana ganin bakinsa, inda ya haɗu da bangon ƙirji, kuma bakin nan ba ya ɓoye abin da ke faruwa. In ruwa ya shiga huhu, zan gani. In ruwa ya taru a gefensa, zan gani. In iska ta ɓalle ta danne shi, zan gani. Kuma ba sai na ce wa mai shure-shure ya tashi tsaye ya riƙe numfashin da ba shi da shi ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ta sosa masa inda ke ƙaiƙayi, don ya fi kowa sanin wahalar. Sau nawa aka turo masa mutum yana haki kamar zai mutu, ya ce masa "riƙe," mutumin ya dube shi da idon da ke cewa, in da zan iya riƙewa me ya kawo ni? Amma Ba'ana ba mai saurin sallamawa ba ne. Ya ce to, gani ya kori ji, a gwada. Duk wanda aka kawo da sarƙewar numfashi, in jikinsa zai ɗauka, ta yi nata a bakin gado, shi ya yi nasa a ɗakinsa. Kowa ya raɗa wa Sista Ketura abin da ya gani ba tare da ya ji na ɗan'uwansa ba, sannan a jira a ga wanda ciwon zai gaskata.

Kai, asibitin nan ya sha kallo a watannin nan! Ma'aikata suka rabu biyu kamar masoya ƙwallo. Ranar da aka kawo wani direba da ke haki yana rama, sikanin bai nuna abin kirki ba, fim ɗin Ba'ana kuwa ya fito da ramin tarin fuka ɓaro-ɓaro can sama cikin huhu. Ranar ya zagaya baranda da fim ɗin a sama yana cewa da tsohuwar zuma ake magani. Haka ranar da wata tela ta shaƙi allurar da ta riƙe a baki, hotonsa ne ya nuna inda ta maƙale. Amma a sha'anin ruwa, likita ta yi ta kayar da shi. Ruwan da bai kai ya fito a fim ba, ita ta riga ta gan shi, ta ma nuna inda za a soka a zuƙe. Masu ciwon zuciya da huhunsu ya jiƙe, kafin a nemo mai tura gado zuwa ɗakin hoto ta gama, an fara ba su magani. Mata masu ciki kuwa, waɗanda dama Ba'ana ke ɗar-ɗar da haska su, sai ga hanyar da ba ta da hasken da zai taɓa ɗan tayi.

Wanda ya karya masa gwiwa wani magini ne da ya faɗo daga bene. Ba ya iya tashi, don haka a kwance aka ɗauki hotonsa, kuma fim ya fito fes kamar ba komai. Likita ta ce akwai iska a gefen dama, tana danne huhun. Ba'ana ya ɗaga fim ɗin ga haske, ya juya shi, ya sake juyawa, bai ga komai ba. Ita ce da gaskiya. In mutum na kwance, iskar kan taso ta kwanta a gaban ƙirji, inda fim ba ya kama ta da kyau, sikanin kuwa daidai nan ake ɗora shi. Ba'ana ya hau kekensa ya tafi gida, kuma iyalinsa sun ce ko tuwo bai taɓa ba.

Wani da ya kai shekarunsa da sai ya koma ɗakinsa ya ja ƙofa, ya jira ritaya yana zagin zamani. Washegari da safe Ba'ana ya tsaya a ƙofar ɗakin gaggawa, furfura fal a gemu, ya ce a gaban kowa, "Likita, gemu ba ya hana ilimi. Koya mini." Ya sha tsiya kuwa. Masu gadi suka riƙa tambayarsa yaushe zai fara karɓar haihuwa. Ya toshe kunne, ya riƙe kan na'urar nan da hannun da ya saba da manyan ƙarafa, yana kuskure tana gyara masa, har hannun ya faɗa. Shi da ya san zaman kowane haƙarƙari tun kafin a haife ta, bai daɗe ba ya iya. Daga baya in ɗalibai suka tambaye shi wanne ya fi, sai ya ce, "Fim yana nuna maka gidan duka, har da zuciya da ƙasusuwa da abin da ya ɓuya a tsakiya, amma sai mai gidan ya zo wurinka ya tsaya cik. Sikanin ta taga yake leƙawa, kuma idon mai leƙen ne ke aiki, in bai iya ba zai ga ƙarya. Sai dai shi yana zuwa inda mara lafiya yake. Ku fara tambayar kanku, mutumin nan zai kai ƙarshen haraba da ransa?"

Wannan tambayar ce ta faɗo a kan amininsa.

Alhaji Garzali Bafulatanin Kano ne, dillalin wake, wanda ya zo Maiduguri yana saurayi ya zauna a Abbaganaram har ya yi jikoki. Shi da Ba'ana tun suna samari suke tare, kuma da yake Fulani da Barebari abokan wasa ne, ba su taɓa gaisawa da mutunci ba. Shi yana kiran Ba'ana "bawana," Ba'ana yana kiransa "Fulata." Mutum ne mai taurin kai da son girma, irin wanda in ya ce a'a a gaban jama'a, ko zai mutu ba ya janyewa. Wata ranar Asabar ya hau bayan babbar mota yana duba lodin buhuna, ƙafa ta zame, ya faɗo da gefen ƙirji kan ƙarfe. Maimakon asibiti sai ya tafi wurin maɗori, aka shafa masa magani aka ɗaure ƙirjin tamau da ƙyalle. Ranar Litinin da hantsi 'yan kasuwa suka sauke shi a ƙofar ɗakin gaggawa, riƙe a hannu, leɓɓansa sun yi baƙi, gumi na zuba, yana jan iska kamar mai sha ta tsinke.

Aka yanke ƙyallen, aka sa masa iskar oksijin. Dakta Rumaisa'u ta duba ƙafafunsa ta ga sun kumbura, 'yan rakiya suka ce ai yana da hawan jini, kuma ya daɗe da ajiye magani. Nan matsalar take. Ko zuciya ce ta gaza ruwa ya cika huhun, ko kuwa karyayyen haƙarƙari ne ya huda huhu iska ta ɓalle tana matse shi. Na farko magani ake ɗura wa a jijiya, na biyu allura ake sokawa a ƙirji a saki iskar, kuma in aka yi ɗaya a wurin ɗaya, an ƙara tura shi kabari. Ta saurari ƙirjin, amma janareta na ruri a bayan taga, Alhaji na nishi yana ture hannunta saboda zafi, ba ta ji abin da za ta rantse a kansa ba. Ta ce, "Sista, na'ura, maza!"

Sista Ketura ta turo ta a guje. To na'urar nan, da yake daga ɗakin awon ciki aka aro ta, a jikinta akwai liƙaƙƙen hoton mace mai tsohon ciki tana murmushi. Idon Alhaji ya sauka a kan hoton. Ya san ta sarai, don a nan aka yi wa surukansa awo. Ya waiga taga, ya ga kawunan 'yan kasuwar wake sun cika ta, kowa na leƙe. Ya tattara sauran ƙarfinsa ya haɗe hannuwa a ƙirji.

"Ni... ciki... gare ni?"

"Alhaji, huhunka za mu duba, don Allah ka saki hannu," in ji likita.

"Ba... da ni ba. Gobe... a kasuwa... a ce an yi wa Garzali... awon ciki? A kira Ba'ana. Hoton... gaske."

Mai karatu na iya yin dariya, amma duk wanda ya zauna a garin nan ya san ba Alhaji kaɗai ba ne. Maza da yawa sun ɗauki sikanin kayan mata, hoton gaske kuwa shi ne wanda za a ba ka a ambulan ka ɗaga wa rana ka ga ƙasusuwanka. Likita ta roƙa, Sista ta yi faɗa, ɗan Alhajin da ya biyo 'yan rakiya ya durƙusa yana kuka, Alhaji ya rufe ido ya ƙara matse hannu. Mutum ne a cikin hayyacinsa, ba a danne shi da ƙarfi. Kuma numfashin yana ƙara gajarta.

Aka aika a kira Ba'ana. Masu jira a baranda sun ce ba su taɓa ganin Baba Riƙe yana gudu ba sai ranar. Ya ƙetare harabar nan da rigar dalma a jikinsa, hula a hannu, ya faɗo ɗakin yana haki. Da ya ga fuskar amininsa sai ya matso bakin gadon, don ya sha ganin irin wannan launin, ya kuma san abin da ke biyo bayansa. Alhaji ya buɗe ido ya kama gefen rigarsa.

"Bawana... kai ni... ɗakinka."

A nan ne zuciyar Ba'ana ta rabu biyu, kuma ba ya ɓoye hakan in ana hira. Ga amininsa na tun ƙuruciya, a gaban jama'a, yana cewa bai yarda da komai ba sai aikin hannunsa. Wane ma'aikaci ne ba zai ji daɗin wannan ba? Amma ya dubi tukunyar oksijin, doguwa ce mai nauyi, ɗaure da sarƙa a bango, ba ta bin mutum. Ya hango harabar a ransa, da rana, da tsakuwar da ke girgiza gado. Ko sun isa, Garzali ba zai tsaya ba, ba zai riƙe komai ba, a kwance za a ɗauka, kuma ya tuna fim ɗin maginin nan da ya fito fes alhali iska na kashe shi.

Ya ce, "Fulata, wallahi ba zan ɗauka ba. In na fita da kai daga ɗakin nan, a ƙarƙashin darbejiya za ka cika."

Alhaji ya kau da kai. Hannuwan ba su motsa ba.

Sai Ba'ana ya yi abin da har yau ake ba da labarinsa. Ya sauke rigar dalma ta faɗi tim a ƙasa. Ya cire farar rigar aiki. Ya kama 'yar cikinsa ya tuɓe ta ta kai. Dattijo mai jikoki, wanda ko maƙwabtansa ba su taɓa ganin kansa ba hula ba, ya tsaya tumbi waje a gaban mata da maza da 'yan kasuwar wake. Ya haye gadon da ke kusa ya kwanta rigingine, ya buga ƙirji ya ce, "Likita, shafa mini man. A fara auna nawa cikin. Sista, juya wa Bafulatanin nan allo."

Dakta Rumaisa'u ta gane nan take, ta matsa man ta ɗora na'urar. Ba'ana ya ɗaga murya yadda na taga za su ji: "To, Fulata, duba da kyau ka faɗa wa mutanenka, wata nawa ne? Namiji ne ko mace?" Wani a taga ya kasa daurewa ya tuntsire, sauran suka bi. "Ka ga farin layin nan da ke kai da kawowa kamar jerin tururuwa? Huhuna ke nan yana goga bangon ƙirji. Muddin suna tafiya, lafiya lau. Ni da na ci abinci da fim duk rayuwata, ni nake gaya maka yau wannan ya fi nawa. In za a yi dariya a kasuwa, da ni za a fara. Saki hannun nan, don girman Allah, kada ka sa in yi maka salla."

Alhaji ya dube shi, tsoho tsirara rabin jiki, man sikanin na gangarowa ta haƙarƙarinsa, ido ya cika da hawaye. A hankali hannuwan suka zame suka sauka gefe.

Ba'ana bai tsaya neman riga ba. Ya diro, ya karɓi kan na'urar, ya ɗora a ƙirjin Alhaji ta dama, likita na tsaye a kafaɗarsa tana kallon allo. Tururuwa na tafiya, kuma babu alamar jiƙewar huhu. Ya matsa hagu. Layin na nan, amma ya sandare, ko motsi babu. Ya sauka ƙasa kaɗan, babu. Ya zagaya can gefe wajen hamata, sai ga wurin da motsin ke leƙowa ya koma, iyakar inda huhun da ya noƙe ke taɓa bango. Su biyun suka faɗa tare, "Iska ce! Hagu!"

Daga nan aikin likita ne. Ta goge wurin, ta soka allurar tsakanin haƙarƙari, sai aka ji fuuu, kamar an zare bakin tayar keke. Alhaji ya ja wani dogon numfashi wanda Sista Ketura ta ce har bakin ƙofa an ji shi. Ya sake ja. Baƙin leɓɓan ya fara washewa. Taga ta ɓarke da kabbara, wani ya jefa hula sama, Sista ta ɗaga hannu biyu tana cewa, "Mun gode wa Allah! Mun gode wa Allah!" Sai a lokacin Ba'ana ya tuna ba riga a jikinsa. Ya sunkuya ya rarumo ta yana cewa, "Astagfirullah, ku kau da ido, jama'a."

An sa wa Alhaji robar da ke fitar da sauran iskar, ya yi kwanaki a gado. Sai ranar da likita ta ce yanzu kam fim take so, a ga yadda huhun ya buɗe gaba ɗaya, a kuma ga haƙarƙarin da suka karye, domin wannan aikin tsohuwar na'ura ce ta fi iya shi. Alhaji ya ƙi keken marasa lafiya. Da ƙafarsa ya taka harabar nan, a hankali, ya wuce ƙarƙashin darbejiya, ya shiga ɗakin Ba'ana ya manna ƙirji a allon ƙarfe. Ba'ana ya koma bayan katangarsa ya ce, "Ja numfashi! Riƙe!" Ta 'yar tagar gilashi ya ga bayan amininsa ya buɗe, dama da hagu, tare, daidai. Ya danna na'ura. Sannan ya tsaya yana kallo kawai, hawaye na bin gemu. A karo na farko tun da ya fara aiki, Baba Riƙe ya manta bai ce "saki" ba.

Alhaji ya daure, ya daure, har ya kasa, ya furzar da iskar ya juyo a fusace. "Kai Babarbare! Ka cece ni ne don ka kashe ni da hannunka?"

Kai ne wannan, Malam Ba'ana. Kai ne ka ga sabon abu ya zo zai rage wa ɗakinka layi, ba ka yi masa zagon ƙasa ba, ka ce a gwada a gaban shaida. Kai ne da aka kayar da kai ka je ka durƙusa wa sa'ar 'yarka ka ce ta koya maka. Kai ne aka miƙo maka girma a tafin hannu, ka ajiye shi ka tuɓe riga, don ran amininka ya fi maka komai. Ɗan Wulari mai keke, wanda ya san lokacin ɗaukar hoto ya kuma san lokacin ƙin ɗauka, mun gaishe ka.

Dariyar kasuwa kuwa an yi ta, amma ba yadda Alhaji ya ji tsoro ba. Shi da kansa yake ba da labarin yanzu, yana zaune kan buhu, kuma kullum da wannan yake farawa: "Ai cikin Babarbare aka fara aunawa." Sista Ketura ta ce tun daga lokacin, in aka kawo ɗan kasuwar nan yana haki, kafin a tambaye shi yake ɗage riga ya ce a yi masa irin na Alhaji Garzali. Hoton matar nan mai ciki yana nan liƙe a jikin na'urar, ba wanda ya ɓanɓare shi.

Ku da ke tasowa a aikin asibiti, da ku da kuka tsufa a kowace irin sana'a, ga abin koyi a gabanku yana tafiya da ƙafarsa. Ku riƙe tsohon ilimi da kyau, ku buɗe hannu ku karɓi sabo, kuma in ran mutum na kan gado, kada ku tsaya tambayar kayan aikin wa za a yaba. In kun haɗu da wani tsoho a kan keke a hanyar Wulari, hula zanna a karkace, ku tsaya ku gaishe shi tun yana ji.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa ka ga jikokin jikokinka. Ka shekara talatin da ɗoriya kana riƙe da ƙarshen harabar nan, ba ka sake ta ba ko da rana ɗaya. Yau mu ne a bayan katanga, kai ne a gaban allo, kuma mu ba za mu manta ba: hoton ya fito da kyau, Malam Ba'ana. Saki.